Dan Allah masu dizain ku zo, allon zane nake son saya wa Abban yara

Maman Hanif: Salamu alaikum yan guruf barkanmu da dare. Shawara nake nema kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Maigidana aikin dizain yake yi, yana da ɗan shagonshi nan cikin Gombe, katin biki, sitika, fosta, bana, tambarin kamfani duk yana taɓawa. To ni dai na lura in ya dawo da daddare sai ya ɗauko takarda da fensir ya yi ta zane, in ya gama ya ɗauka da waya ya tura laftof, sannan ya zauna da maus yana bin layin ɗaya bayan ɗaya har wajen ƙarfe 1, wani lokacin in farka in same shi yana matsa wuyan hannunshi. Kwanaki na gan shi yana kallon bidiyon wani yana zane a kan wani baƙin faranti da biro abin yana fitowa a kwamfuta, ya maimaita bidiyon ya fi sau biyar amma bai ce komai ba. Wata mai kamawa ni ce da ɗaukar adashi, dubu 160, kuma wlh shekararmu 6 da aure ban taɓa saya mishi abin da ya wuce turare da hula ba alhali shi ya biya min kuɗin makaranta har na gama NCE. Jiya na zaga shago uku wajen masu waya, na farko ya ɗauko min tablet ɗin yara mai katun, na biyu ya ɗauko wannan allon da yara ke rubutu su danna ya goge wai ai shi ne, na ukun ya ce Hajiya kawo kuɗin kawai zan yi miki oda. Ni ko sunan abin ban sani ba balle in san mai kyau. Kuma bana son ya sani sai ya gani.

Dan Kumo: Kai jama'a. Allah ya ba mu irinki Maman Hanif, wasu adashinsu a leshi da anko yake ƙarewa

Yar Pantami: Dan Kumo kai me ka taɓa saya wa taka? Fara gaya mana tukuna

Dan Kumo: Ai ban yi auren ba Adda, shiri nake

Injiniya: Wa alaikumus salam. Allah ya saka miki. Gara da ba ki ba wancan na ukun kuɗi ba don abin kala uku ne kuma tazarar kuɗinsu ba kaɗan ba. Akwai wanda kika gani a bidiyo, baƙin faranti ba sikirin, ana jona shi da laftof ta USB, hannu yana kan allon ido yana kan laftof. Shi ne mafi sauƙin kuɗi, irin su Wacom Intuos, Huion Inspiroy, XP-Pen Deco. Na biyu mai sikirin ne kana zane kana gani a ƙarƙashin biron, Cintiq na Wacom, Kamvas na Huion, Artist na XP-Pen, amma kar sikirin ɗin ya ruɗe ki shi ma ba ya aiki shi kaɗai dole sai an jona da kwamfuta. Na uku shi ne mai cin gashin kanshi, iPad da Apple Pencil ko Samsung Galaxy Tab mai S Pen. Da kuɗin da kika faɗa na farkon ne zai shiga hannu cikin kwanciyar hankali har a samu canji.

Mai Corel Jekadafari: Ni fa zan faɗi gaskiya ko za a ji haushina. Shekarata 14 a harkar nan, na yi fostar yan siyasa zaɓe uku, kalandar biki ba adadi, ban taɓa riƙe biron roba ba. Aikinmu na nan da manhajar CorelDRAW ne, ka jawo akwati, ka zuba rubutu, ka sa hoton amarya, ka tura firinta. Maus ya ishe ka. Na san mutum biyu da suka sayi allon nan saboda sun gani a YouTube, ɗaya yanzu a kai yake ɗora kofin shayi. In kina son ki taimake shi da gaske ki tambaya RAM, wato memorin da laftof ke aiki da shi, nawa ne a laftof ɗin, in 4 ne a kai shi 8, a sa mishi SSD wato ma'ajiyar fayil mai sauri, wannan kullum sai ya yi miki addu'a.

Zee Zane Bauchi: Hamma Mai Corel ka karanta abin da ta rubuta kuwa? Ba ta ce yana jawo akwati ba, cewa ta yi yana zane a takarda sannan ya bi layi da maus har ƙarfe 1. Wanda yake wannan wahalar shi aka yi wa allon. Kai aikinka jeri ne, shi nashi zane ne, ba ɗaya ba

Mai Corel Jekadafari: To ya yi PowerTRACE mana, Corel ya bi mishi layin hoton da kanshi, minti ɗaya an gama

Zee Zane Bauchi: PowerTRACE a hoton fensir da aka ɗauka da waya cikin hasken fitilar caji? Ka sani na sani ƙulli ɗari biyar zai fito maka a layi ɗaya, gyaran ya fi sabon zane cin lokaci. Shi ya sa yake bi da hannu. Ni a Gwallameji nake, tun ina poli nake zanen gyale da na hula da tambari, kuma ina gyara wa masu ɗaukar hoton biki hotuna. Ka gwada cire bayan hoton amarya mai mayafin raga da maus ka gwada da biro sannan ka dawo mu yi magana. Biron yana jin nauyin hannu, ka danna layi ya yi kauri ka sassauta ya sirance, daidai yadda alƙalamin kara yake yi a allo, maus kuwa danna ne ko saki ba tsakiya. Ko a Corel ɗin naka akwai Artistic Media yana karɓar nauyin hannu, daga na 2017 kuma an sa LiveSketch don masu biro aka yi shi, sai dai in kana nan kan tsohon Corel X7 ɗinka

Mai Corel Jekadafari: X7 bai taɓa ba ni kunya ba

Bappa Na Bolari: Allo da alƙalami dai, saura tawada da zuge. Ashe makarantar allon ma ta koma kwamfuta

Maman Hanif: Hhhh Bappa. Nagode sosai kowa. Adda Zee abin da kika faɗa shi ne, rubutun larabci yake yi da zayyana irin ta allon sauka, masu islamiyya suna yawan kawo mishi aikin shahada da tambari, kuma akwai wani mai ɗinki da yake zana wa aikin wuyan riga. Amma ni zuciyata ta fi kwanciya da mai sikirin ɗin, shi ya fi kama da kyauta, ɗayan kamar faranti kawai. In na haɗa da ɗan abin da nake samu a saida zobo da kunun aya zan iya ƙara wani abu

Injiniya: Kafin ki ƙara ko sisi yi min abu ɗaya. In ya yi barci ɗauki hoton gefen laftof ɗin dama da hagu ki turo. Sannan in an ɗauke wuta minti nawa yake yi kafin ya mutu?

Maman Hanif: Batirin kam ba a magana, in aka ɗauke ko alwala ba ka gamawa ya mutu. A shago janareton maƙwabcinshi suke haɗa kuɗin mai. Bari ya kwanta

Dan Kumo: Yau ga aikin leƙen asiri a Tumfure

Maman Hanif: Gashi na turo, ku yi haƙuri da duhu ban kunna fitila ba kar ya tashi

Injiniya: Na gani. Wannan mai faɗin da ke kusa da ramin caja HDMI ne, ramin fitar da hoto zuwa wani sikirin, kenan mai sikirin zai hau. Yawancinsu suna zuwa da kebul mai kai uku, ɗaya HDMI, ɗaya USB na biro, ɗaya na wuta. Masu kebul ɗaya tal sai laftof mai USB-C da ke fitar da hoto, nashi ba shi da shi. Amma matsalar ba rami ba ce, wuta ce. Mai sikirin sikirin ne na biyu, yana jan wuta sosai, laftof ɗin da ba ya kai alwala in kika rataya mishi wannan ko bismillah ba zai kai ba. Mara sikirin ɗin kuwa abin da yake ja bai taka kara ya karya ba, kuma biron ba batir ba caji, daga allon yake samun ƙarfinshi ta maganaɗisu. Ga kuɗi, ko ƙaramin mai sikirin inci 12 ko 13 sai ya ninka mara sikirin biyu zuwa uku. Ni da ni ne in sayi mara sikirin matsakaici, canjin a sa wa laftof sabon batir.

Mai Corel Jekadafari: Kun ga an fara dawowa hanyata

Abba iPhone: Duk wannan dogon turancin na me. A saya mishi iPad London yus da Apple Pencil a sa manhajar zane ta Procreate an gama. Ba kebul ba janareto, ka caja da rana ka yi zane a gado har asuba. Duk manyan masu zane shi suke riƙewa yanzu

Zee Zane Bauchi: Abba da dubu 160 ɗin? Kai kullum a bakinka kuɗi ganye ne

Abba iPhone: Tsoho fa na ce ba sabo ba

Injiniya: iPad abu ne mai kyau ba musu, Procreate kuma sau ɗaya ake biya amma a iPad kawai yake. Sai dai akwai ramuka a hanyar da wanda bai sani ba zai faɗa. Fensirin daban ake saya, kuma ba kowane ke hawa kowane iPad ba, na farko da ya fito 2015 da na biyu ba sa musanya. Akwai kuma mai USB-C da ya fito 2023, ya fi araha amma ba ya jin nauyin hannu sam, ga mai rubutun larabci wannan asara ce. Na jabu kuma sun cika kasuwa, kamanninsu ɗaya. Tsohon iPad ga batun iCloud, asusun Apple da ke kulle shi, in mai shi bai cire ba ka sayi tire. Bayan duk wannan cikakken Corel ɗin da yake cin abinci da shi ba a can yake ba, sai ya zana ya turo laftof, an koma gidan jiya kenan. In ma wannan layin za a bi Samsung Tab S ya fi sauƙi don bironshi a kwali yake zuwa kuma fasahar Wacom ce a ciki.

Abba iPhone: Ni dai na faɗi nawa

Malam Na Herwagana: Assalamu alaikum. Ina dai tunatarwa a kula da zanen abu mai rai, kar kyauta ta zama sanadin wani abu

Maman Hanif: Malam na faɗa a sama, rubutu ne da zayyana da tambari yawanci

Dan Kumo: To ai hoton amarya a sitika ma Malam

Admin: Dan Kumo dakata. Malam an ji tunatarwa Allah ya saka. Mai neman fatawa ya je wajen malamai, nan maganar saye ake. A ci gaba

Goggon Yara: Ni ban san komai a kwamfuta ba amma na san maza. Yata ki tambaye shi. Kayan sana'a ba shadda ba ne da ko kalar ba ta yi mishi ba zai sa ya je juma'a. Na taɓa tara kuɗi na saya wa Baban su keken ɗinki irin wanda na ga ana yayi, ashe shi wani iri yake hari shekara biyu, ya karɓa ya yi godiya har da hawaye, bai taɓa gaya min ba sai bayan shekara huɗu da zai sayar. Kunya ta hana shi magana ni kuma ina ta jin daɗi. Mutumin da ya kalli bidiyo sau biyar wlh ya san sunan wanda yake so har lambarshi

Yar Pantami: Goggo in ta tambaye shi ai cewa zai yi a'a ki bari a sayi buhun masara, ko a biya kuɗin makarantar Hanif. Irin mazan nan ba sa yarda a kashe musu. Daɗin kyauta ba-zata

Maman Hanif: Wlh Yar Pantami kamar kin san shi. Bara na ce zan canza mishi takalmi sai da muka yi kwana biyu ana ja, ƙarshe gas aka cika

Goggon Yara: To ki bi ta bayan gida. Ba shi da aboki ko yaron shago?

Maman Hanif: Akwai yaronshi, amma bakinshi ba ya riƙe ruwa

Zee Zane Bauchi: Ki gwada shi dai, ki ce wata ƙawarki ce ke tambaya. Kafin nan ga abin da zan ƙara. Girma: kar ki ɗauki ƙarami sosai. Ƙananan wajen zanensu kamar inci 6 da 4 ne, sun yi wa sa hannu da koyarwa da gyaran hoto, amma mai jan dogon layi irin na larabci zai takura. Masu inci 10 da 6 da kwata irin Deco 01 V2 ko Huion H610 Pro V2 su ne daidai, kuma suna shiga jakar laftof. Wacom kamfanin Japan ne tun 1983 suna harkar, kayansu akwai ƙarko, amma kuɗin ƙaramin Wacom zai iya saya miki matsakaicin Huion ko XP-Pen, su na China ne kuma suna aiki lafiya, nawa shekara uku kenan. Kar mai shago ya ruɗe ki da lamba wai wannan 8192 wancan 4096 ne kawai, matakan nauyin hannu ne, ni na riƙe duka biyun hannuna bai banbance ba. Abin da za ki nace a kai biron ya zama mara batir, don akwai tsofaffin samfuri masu caji ko masu ƙaramin batir irin na rimot, har yanzu ana saida su da araha

Maman Hanif: Na manta ban faɗa ba, bahago ne fa, akwai na bahagwai daban?

Zee Zane Bauchi: Babu, juya shi ake. A cikin diraiban, wato manhajar da ke sa allon aiki da laftof, akwai inda za a ce a juya 180 sai maɓallan su koma dama. Amma dole ya sauke diraiban daga shafin kamfanin, in bai sa ba biron zai yi motsi kamar maus kawai ba kauri ba siranta, mutane da yawa a nan suke cewa an sayar musu da lalatacce

Bappa Na Bolari: Bahago mai zayyana, lallai an sha bulala a makarantar allo kafin a ƙyale shi

Maman Hanif: Hhhh ya ce da dama yake rubutu da cin abinci, zane ne kawai hagun ta ƙi saki

Dan Kumo: To a ina za a samu? Don ni ban taɓa ganinshi a shago a garin nan ba

Injiniya: Da wuya a same shi a ajiye a Gombe ko Bauchi, masu nema ba yawa. Ko dai Kano, Farm Centre ko Beirut, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ko a yi oda ta Jumia ko Konga. AliExpress ma akwai shagunan kamfanonin da kansu amma sai an yi haƙurin makonni. Farashi ba zan faɗa ba don dala yake bi, na yau daban na jibi daban, a duba wuri uku a kwatanta

Hamma Direba: Ni ina Kano duk sati ta Dukku da Darazo. In kina da wanda zai saya a can ya kawo tasha in taho da shi ba komai. Amma dan Allah kar ki tura wa wanda ba ki sani ba kuɗi don ya turo miki hoton kwali, cinikin biri a sama ne. Wata biyu da suka wuce wani fasinja ya jira webil ɗin waya kwana uku a tasha, mai kayan ya kashe layi

Sadiya Hoto: Ni kuma na hannu na saya wajen wani a intanet, ya ce komai lafiya, da ya iso allo ne kawai ba biro wai ai kowane biro yana yi. Ƙarya ne, biron wani kamfani ba ya aiki a na wani, ko a kamfani ɗaya ma ba duka ke hawa juna ba. Sai da na yi wata biyu kafin na samu nashi kuma kuɗin da na kashe gaba ɗaya ya kusa na sabo. Araha ba ta ado. Ki sayi sabo a kwali, kuma a gwada a gaban mai shagon, a jona da laftof a ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa duk huɗun a ga ba inda yake yankewa, a danna maɓallan duka, a ƙirga tsinin biro na canji

Maman Hanif: Ƙanina yana karatu a BUK zan sa shi ya je da laftof ɗinshi. Tsinin biron ƙarewa yake?

Sadiya Hoto: Yana cinyewa a hankali kamar fensir, musamman mai danna hannu. In ya yi gefe ɗaya ya yi kaifi a canza kar ya karce allon. Kuma da hunturu a dinga rufe shi, ƙurar nan tamu in ta kwanta a kai aka ja biro kamar yashi ne

Mai Corel Jekadafari: Kun ji ko. Tsini, diraiba, ƙura, biro. Maus ɗina na dubu uku ko a kwata ya faɗa sai ya tashi

Zee Zane Bauchi: Hamma wuyan hannunka fa?

Mai Corel Jekadafari: Wannan tsufa ne ba maus ba

Maman Hanif: Salam yan uwa na dawo da labari, ku yi haƙuri kwana biyu shiru. Goggo ke kam Allah ya ƙara girma. Na kira yaron shagon na ce ƙawata ce ke tambaya wane allon zane ne mai kyau, ya ce Anti ai Oga akwai wanda ya ajiye hotonshi a waya tun azumi, har ya taɓa tara kuɗin sai aka kwantar da Hajiyarshi ya kashe. Ya turo min hoton, mara sikirin ne mai inci 10 ɗin nan da Adda Zee ta faɗa, ashe shi tuntuni ya yi lissafin wutar. Na ce wa yaron ya rufa min asiri ya rantse har da dafa ƙirji. Ko magariba ba a yi ba mutumin ya shigo gida yana wani murmushi yana cewa wai ina ƙawar taki mai son zane, a gaishe ta. Kunya kamar in nutse. Ya fara zancen masara na ce wlh in ya ƙara magana zan kira Hajiya in ce ya ƙi karɓar kyautata, sai ya yi shiru

Yar Pantami: Yaron nan a kore shi hhhh

Goggon Yara: A ƙara mishi albashi dai

Dan Kumo: To ya iso?

Maman Hanif: Ya iso ranar Talata, ƙanina ya gwada a can Hamma Direba ya taho da shi ko kuɗin ruwa ya ƙi karɓa, Allah ya kiyaye hanya Hamma miyetti. Canjin an sa batir kamar yadda Injiniya ya ce, yanzu yana kai awa biyu da wani abu. Amma fa akwai matsala. Daren farko ya zauna zai rubuta bismillah abin ya fito kamar kaza ta bi ta kan tawada, ya sake ya sake, da'ira ma ta ƙi haɗuwa, yana kallon hannunshi yana mantawa da sikirin. Jiya na ga ya koma takarda da fensir allon yana gefe. Bai ce komai ba amma jikina ya yi sanyi, ko dai mai sikirin ɗin ya kamata in daure in saya?

Mai Corel Jekadafari: Ban ce komai ba. Kofin shayi dai a samu mai faɗin gindi

Zee Zane Bauchi: Hamma ka ji tsoron Allah. Maman Hanif kwantar da hankalinki kowa haka ya fara, ni sati biyu na yi ina jin kamar in jefa shi rijiya. Shekara nawa idonshi yana bin bakin fensir, yau an ce hannu ƙasa ido sama, dole sai a hankali. Ki ce mishi ya ɓoye maus ɗin gaba ɗaya na sati ɗaya, komai da biro, buɗe fayil, Corel, har kallon bidiyo. Allon ya ajiye shi a miƙe daidai gaban sikirin kar ya karkace shi yadda yake karkata takarda, shi ke sa layi gudu gefe. Ya tuna kusurwar allo ita ce kusurwar sikirin, ba a jan shi ana ɗagawa kamar maus. Ya sauke manhajar zane ta Krita kyauta ce, akwai abin daidaita rawar hannu a ciki, ya yi ta jan layi da da'ira minti 15 kullum kamar ɗan aji ɗaya. Kuma zanenshi na takarda bai ɓaci ba, ya ɗauka ya sa a ƙasa ya bi samanshi da biro, a nan zai fara ganin saurin. In santsin ne ya dame shi ya manna farar takarda a kai da selotef biron yana ji ta cikinta, sai dai tana cin tsini

Injiniya: Ya duba ma ya juya 180 ɗin a diraiba ba allon kawai ya juya ba, in ba haka ba ya ja sama abin ya yi ƙasa

Maman Hanif: Innalillahi Injiniya ina jin wannan ma ya faru a daren farko don na ji yana cewa abin nan aljanu gare shi. Zan karanta mishi duka, ai yanzu ba sauran ɓoyo

Maman Hanif: Yau kwana 12. Ya gama tambarin wata islamiyya tun kafin ƙarfe 10 har ya zauna muka ci gyaɗa. Maus ɗin yana cikin durowar kayan miya ni na ɓoye. Sai dai Hanif ya samu biron da safe ya tauna bakin ya lanƙwashe, ya ce alewa yake nema a ciki. Mun zazzage kwalin ba mu ga na canjin ba, ƙanina kuma ya rantse ya ƙirga guda 8 a shago

Sadiya Hoto: Murɗe wannan abin da ake tsayar da biron a kai, buɗewa yake, suna ciki a jere. Akwai ɗan ƙarfe kamar zobe shi ake kama tsohon da shi a zaro

Maman Hanif: Laa ga su nan wlh

Mai Corel Jekadafari: Maman Hanif in Oga ba ya aiki da shi ranar Lahadi a tambaye shi ko zai ara min na yini ɗaya. Ba wai zan saya ba ne, akwai wani hoton amarya mai mayafin raga da ya hana ni barci

Zee Zane Bauchi: A kan X7 ɗin?

Mai Corel Jekadafari: A kan X7 ɗin